Idon Da Na'ura Ta Ƙara Wa Mijina

Ɗan ƙanena mutum ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ba zan hana shi ba. Amma girman kai ya yi masa yawa, kuma bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Tun yana ƙarami haka yake. In ka tambaye shi abin da bai sani ba, nan take zai ƙirƙiro amsa, ya faɗe ta da ƙarfi har kai ka ji kunyar yi masa musu. Da ya girma ya koyi aikin kwamfuta, sai ya laƙa wa kansa suna Injiniya, unguwa duk ta bi shi a kai. Ni ban taɓa kiransa da sunan ba, don wanda na goya a bayana ba zai zama Injiniya a bakina ba. Amma a nan zan kira shi haka, don ku san wanda nake nufi.

Aikinsa shi ne kafa wa masu shaguna kyamara. Idan wani abu ya faru a titi, 'yan sanda sukan zo wurinsa ya ciro musu bidiyon. A ɗakin ƙofar gidana yake aikin, ni na ba shi ɗakin, kuma labule ne kawai tsakaninsa da falona. Saboda haka abin da zan faɗa ba labarin kanti ba ne, da idona na gani.

Hoto ɗaya tak nake da shi na marigayi mijina. Magini ne, kuma tun yana saurayi tsakuwa ta fallatso ta tsiyaye masa idon hagu. Shekara arba'in da ɗaya muka yi tare, ban taɓa ganin idon nan a buɗe ba. Wata damina rufi ya yi yoyo, ruwa ya taɓa hoton, fuskar ta koɗe, sai dai ka ga hula da inuwar mutum. Duk da haka yana rataye a bangona.

Wata rana Injiniya ya ɗaga labule ya ce, "Gwaggo, kawo hoton nan na Baba in gyara miki. Na samo wata manhaja, ko hoto ya mutu sai ta tashe shi."

Na ce, "Mai tayar da matacce ɗaya ne, kuma ba a cikin kwamfutarka yake ba."

Ya yi dariya, ya sauke hoton da kansa. Kafin in gama ninke wanki ya dawo da sabon hoto mai sheƙi. Na karɓa, na kai bakin taga inda haske yake. Wani kyakkyawan dattijo na gani yana kallona da idanu biyu farare tas.

Na ce, "Wannan waye?"

Ya ce, "Mijinki mana. Ko har kin manta shi?"

"Mijina ido ɗaya gare shi."

"Kai, Gwaggo! An ba ki sabon miji kyauta kina rainawa. Na'ura ba ta kuskure. Abin da datti ya rufe ne kawai take fito da shi."

Na ce, "Wato shekara arba'in da ɗaya idon yana nan a ƙarƙashin datti, ni ce ban goge ba?"

Sai ya ce tsufa ne ke damuna. Na mayar da tsohon hoton bango. Sabon kuwa na kifa shi a ƙasan akwati, don ba na ajiye hoton baƙon namiji a ɗakina.

Bayan kamar wata biyu aka yi hatsari a babban titin da ke bayanmu. Da rana tsaka wani mai babur ya banke wata malamar makaranta tana tsallaka titi, ya gudu. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Kyamarar wani kantin magani ta ɗauki abin, kuma Injiniya ne ya kafa ta. Washegari da hantsi wani sufeton 'yan sanda ya zo gidana, suka zauna gaban kwamfuta. Na kai musu ruwa, na tsaya a bayansu da faranti a hannu, don ni ma ina son ganin marar imanin da ya yi wannan aiki.

An ga babur ja. An ga mutum a kai da riga mai duhu. Amma fuskarsa, ko da Injiniya ya tsayar da bidiyon ya ƙara mata girma, ba komai a wurin sai dusu-dusu, kamar an dangwala yatsa a toka an shafa a bango. Ba ido, ba hanci, ba baki.

A nan ya kamata ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a gani." Da ya faɗi haka, da ba abin da zan rubuta yau. Amma sufeton ya dafa kafaɗarsa ya ce, "An ce mini ba abin da ya gagare ka. Ko dai zuƙi aka yi mini?"

Injiniya ya gyara zama ya ce, "Ba ni minti biyu."

Ya danna. Fuska ta fito, wani mai kumatu da gashin baki. Sufeton ya girgiza kai, ya ciro wayarsa ya nuna masa hoton wani mutum. Na leƙa, sai na ga mai waldan ƙarshen layinmu ne. Ashe wani ya tsegunta musu cewa yana da jan babur. Injiniya ya sake dannawa, wata fuska dabam ta fito, doguwa. Ya sake, ya sake. A karo na biyar aka sami wata mai faɗin goshi da ɗan gemu.

Sufeton ya tafa hannu ya ce, "Yauwa! Ga shi nan. Buga mini wannan."

Da ya tafi, na ajiye farantin na ce, "Kai, mutum ɗaya fuska nawa gare shi?"

Ya ce, "Ɗaya mana."

"To ni biyar na gani."

"Gwaggo, don Allah aji nawa kika yi a makaranta?"

Na ce, "Uku. Amma a aji ukun an koya mini ƙirga, kuma biyar na ƙirga."

Ya ce waɗancan huɗun gwaji ne, na'urar tana ɗumama ne. Ya zare ɗan ƙarfen da suke kira filash, wanda ainihin bidiyon yake ciki, ya manna masa takarda, ya jefa a gwangwanin madara da yake tara irinsu a cikin durowa. Ya ce in bar aikin maza ga maza.

A ranar aka kama mai walda. Bari in faɗi gaskiya, ni ba son mutumin nake ba. Yana da faɗa, yana shan taba a bakin titi, ƙarar ƙarafansa tana hana ni barcin rana, kuma ƙofar da ya taɓa yi mini har yau a karkace take. Amma rashin iya ƙofa dabam, kisan kai dabam. Ya rantse cewa a lokacin yana saman wani gini shi kaɗai yana haɗa ƙafar tankin ruwa. Ba wanda ya gan shi a can. Hoto kuwa ga shi a hannun hukuma, har an buga a jarida. Aka hana shi beli.

Wata bakwai yana tsare, kuma wata bakwai ina shiru. Wannan laifina ne, ba zan ɓoye ba. Kullum sai in ce gobe yaron nan zai ji tsoron Allah ya je ya gyara. Shi kuwa sai ƙara kumbura yake, ya sayi kwat, yana cewa yanzu shi ƙwararren shaida ne na kotu.

Ranar da haƙurina ya ƙare, matar mai walda ce ta yi sallama. Ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Iya, an ce a gidanki aka fito da hoton nan. Don girman Allah ki roƙi ɗanki ya sake dubawa. Lauya ta ce in hoton ya tsaya, shekarun da za a yanke masa, sai dai 'ya'yansa su gan shi da furfura. Wallahi mijina masifaffe ne, ni na fi kowa sani, amma ko kaza ya taka sai ya tsaya."

Na ce, "Tashi, ba a durƙusa mini. Ina ofishin lauyar yake?"

Kafin in je, sai da na ba Injiniya dama ta ƙarshe. Na same shi yana goge takalmi, na ce, "Ka je da ƙafarka ka gaya wa alƙali fuska biyar ka fitar. In ba ka je ba, ni zan je."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ke? Wa zai saurare ki? Wayarki ma ni nake buɗe miki in ta kulle."

Da ya ga da gaske nake, sai ya turo mini ubansa. Ƙanena ya zo yana haki, ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, me nake ji haka? Ɗanki ne fa! Ke kika goya shi. A kan wani mai walda za ki tona mana asiri?"

Na ce, "Shi mai waldan daga sama ya faɗo? Ba uwa ce ta goya shi ba?"

"Za ki raba zumunci, Yaya."

"In ƙarya ce ke riƙe da zumuncin, ya rabu. Ni na kusa kabari, ba zan shiga da mutum a wuyana ba. Ka zauna ka sha ruwa, ko ka tashi ka ba ni wuri."

Ya tashi ya ba ni wuri.

Lauyar yarinya ce ƙarama, da na gan ta sai da gabana ya faɗi. Amma da na kwance ɗankwali na shimfiɗa mata hotunan mijina guda biyu a kan tebur, da tsohon katinsa na asibitin ido, na gaya mata abin da na gani, sai ta daɗe tana kallonsu. Ta ce, "Iya, kin san ɗan ƙanenki zai iya shiga kurkuku a kan wannan?"

Na ce, "Na sani. Rubuta."

Ranar shari'a kotu ta cika. Dangin malamar da aka banke suna gefe ɗaya, matar mai walda tana ɗaya gefen, ƙanena yana can baya ya haɗe rai. Aka fara kiran Injiniya. Ya tashi cikin kwat ɗinsa, ya yi rantsuwa. Lauyar ta tambaye shi a hankali, "Ka ƙara wani abu a hoton nan?"

Ya ce, "Ko ɗigo ban ƙara ba. Share shi kawai na yi, kamar yadda ake goge gilashi."

"Sau nawa ka gwada kafin wannan fuskar ta fito?"

Ya ɗaga kai ya ce, "Sau ɗaya."

Ni kuwa har zuwa lokacin ina sa rai zai ja da baya.

Sai aka kira ni. Na faɗi abin da na gani, tun daga ruwan da na kai har zuwa "yauwa" ɗin sufeto. Mai gabatar da ƙara ya taso yana murmushi, wani mai sanƙo da tabarau, ya ce, "Iya, kin iya kunna kwamfuta?"

Na ce, "Ban iya ba."

"Kin san abin da ake kira manhaja?"

"Ban sani ba."

"To da wane ilimi za ki ƙaryata ƙwararre?"

Na ce, "Ɗana, ni ban san kwamfuta ba, amma na san mijina." Na juya wajen alƙali na ce, "Ranka ya daɗe, ga hoton mijina da ruwa ya ɓata. Ga wanda na'urar yaron nan ta gyara. Ga katin asibiti da ya nuna idonsa na hagu ya mutu tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke ɗakin nan. Na'urar ba ta san shi ba. Ta ga wuri babu komai, sai ta sa ido, don ta saba ganin mutane da ido biyu. Abin da ya ba matacce ido, me zai hana shi ba mai babur fuskar da ba tasa ba?"

Mai gabatar da ƙara ya ce wannan hoton gida ne, ba ruwansa da shari'a. Alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya jera hotunan biyu a gabansa, ya duba wannan, ya duba wancan. Sannan ya tambaya ina ainihin bidiyon yake, wanda ba a taɓa ba. Sai aka fara kallon-kallo, don ashe gyararren kawai aka kawo wa kotu. Na kantin maganin kuwa ya daɗe da gogewa, na'urarsu mako biyu take riƙe abu. Injiniya ya ce ba ya jin yana da shi.

Na ce, "Yana da shi, ranka ya daɗe. Yana cikin gwangwanin madara, durowa ta biyu, hannun dama. Ni nake share ɗakin."

Aka tura ma'aikacin kotu da ɗan sanda, suka ɗauko gwangwanin da kwamfutar. Alƙali ya ɗage zama zuwa mako biyu, ya sa aka nemo wata malama daga jami'a wadda wannan ne fanninta.

Malamar jami'ar ba ta yi dogon turanci ba. Ta haska ainihin bidiyon a bango, ta ce kyamarar tana nesa, kuma abin da ta kama na fuskar mutumin 'yan ɗigo ne da ba su isa a gane kowa da su ba. Ta ce abin da kyamara ba ta ɗauka ba, babu mai iya dawo da shi. Ita manhajar an cika ta da fuskokin mutane dubbai, in ta ga gurbi sai ta cike da abin da ta ga ya dace. Ta ce, "Ranka ya daɗe, zane take yi, ba tuno abin da ya faru take ba."

Alƙali ya ce a gwada a gabansa. Ta danna, fuska ta fito. Ta sake, wata ta fito. A karo na huɗu sai ga wani mai sanƙo, kamarsa ɗaya da mai gabatar da ƙara, tabarau ne kawai babu. Kotu ta fashe da dariya, har mai walda da ke tsaye cikin akwatin masu laifi. Wani daga baya ya ce, "To a kama shi mana!" Sai da alƙali ya buga tebur. Ni ban yi dariya ba, don ina kallon uwar malamar da ta mutu, ta rufe fuska da mayafi.

Aka jera fuskoki shida a bango. Alƙali ya sa aka tsayar da Injiniya, ya ce, "Kai ne ƙwararre. A cikin shidan nan, wanne ne mai babur?"

Ya dubi bango. Ya dubi ubansa. Ya buɗe baki, na san halinsa, amsa yake nema ya ƙirƙiro. Amma wannan karon ba inda za ta fito. Gumi ya jiƙa wuyan kwat ɗin. Da wata murya ƙarama wadda ban san yana da ita ba ya ce, "Ban sani ba."

Shekara talatin da huɗu ina jiran in ji wannan kalma daga bakinsa. Da ya faɗe ta a ɗakin ƙofar gidana, da ba ta ci masa komai ba.

Aka sallami mai walda a ranar. Ya fito ya tarar masu ba shi aiki sun watse, sai da ya fara daga farko. Wanda ya kashe malamar kuwa har yau ba a same shi ba, don watannin da ya kamata a neme shi an ɓata su a kan mutumin da ba shi ba ne. Sufeton an tuɓe masa kaki. Injiniya an ɗaure shi shekara ɗaya da rabi saboda shaidar zur, kuma aka sake buɗe wasu shari'u biyu da ya taɓa ba da hoto a cikinsu.

Ƙanena ya daina taka gidana. A wajen biki in na zauna, wasu dangi sukan ja tabarmarsu gefe. Su ja. Wata ta ce mini ba ni da zuciya, na ce ina da ita, shi ya sa nake iya barci. Duk wata ina zuwa gidan yari in kai wa yaron abinci da sabulu. Watanni uku na farko ya ƙi fitowa, na bar kayan na dawo. A na huɗu ya fito, ya zauna, ya ce, "Gwaggo, kin kashe ni." Na ce, "Ban kashe ka ba. Ci abincinka." Ya ci.

Mai walda ya zo ya ce zai gyara mini ƙofar nan da ta karkace. Na ce ya bar ta, ba don ƙofa na yi ba, in yana son saka mini ya rage ƙara da rana. Bai rage ba.

Hoton mai ido biyu yana can a kotu cikin kayan shaida, ban nemi a dawo mini da shi ba. Tsohon yana nan a bangona, a koɗe, ba a ganin fuskar. Na fi son sa haka, don duk abin da ya rage a jikinsa na mijina ne.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada kyan hoto ko tsabtar murya a na'ura su sa ka yanke wa mutum hukunci. Ka tambaya ina na ainihin yake, wa ya taɓa shi, me ya yi masa, kuma sau nawa. Kai kuma da aka ba amanar wannan aiki, in abu bai fito ba ka ce bai fito ba, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, don ran mutum ne a ƙarƙashin yatsanka. Wanda kuma ya ga ƙarya da idonsa, kada ƙarancin karatu ko kunyar dangi su rufe masa baki. Ni na yi shiru wata bakwai, kuma wani bawan Allah ne ya yi zaman watannin nan a ɗaure. Kada ku kai ko kwana bakwai.